Sa'a da Nahisa: Kundin Fancanga na Indiyawa da Hisabin Malamanmu

Gabatarwa

Bahaushe yakan ce wa mai shirin tafiya "Allah ya ba da sa'a", yakan kuma ce "na yi sa'a biyu ina jiran mota a Tashar Kano". Kalma ɗaya ce, furuci ɗaya, karin sauti ɗaya, amma a jimla ta farko dace take nufi, a ta biyu kuwa minti 60. Akwai sa'a ta uku, wato tsara, sai dai ban da ita a wannan magana, domin wasalinta na farko gajere ne. Tambayar da ta dace da mu ɗaliban harshe ita ce: yaya aka yi kalmar auna lokaci ta zama kalmar dace?

A nawa ganin, amsar tana cikin wani tsohon tunani da ke cewa lokuta ba ɗaya suke ba, akwai mai kyau akwai maras kyau, kuma wanda "ya yi sa'a" shi ne wanda aikinsa ya faɗa a kan sa'a mai kyau. Larabci yana da wata kalma, sa'ad, wadda ta ba mu sunaye irin su Sa'adu da Sa'adatu da Mas'udu, kuma ba mamaki kamannin furuci ya taimaka wajen haɗe ma'anonin biyu a bakin Bahaushe. Domin mu ga wannan tunani a fili, na ga ya kamata mu fara leƙa wata al'umma da ta rubuta shi dalla-dalla, take buga shi a littafi duk shekara, wato mabiya addinin Hindu na ƙasar Indiya. Daga nan sai mu dawo gida Yerwa mu duba namu.

Mene ne Fancanga?

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin inda iyayen saurayi da na budurwa suka zauna gaban wani malamin addininsu, ya buɗe littafi yana ƙirga da yatsu, sannan ya faɗi rana da lokacin da za a ɗaura aure. Littafin nan shi ake kira fancanga. Na rubuta shi da "f" da "c" ne bisa yadda Hausa take yi wa baƙin sautuka. Kalmar ta harshen Sanskirit ce, ma'anarta "gaɓoɓi biyar", saboda abubuwa biyar ake rubuta wa kowace rana.

Gaɓa ta farko ita ce titi, kada mai karatu ya ɗauka na mota ne. Titi shi ne tsawon lokacin da wata yake ɗauka kafin ya ƙara wa tazarar da ke tsakaninsa da rana digiri 12. Da yake da'ira digiri 360 ce, kowane wata yana da titi 30. Amma tafiyar wata ba ta da sauri iri ɗaya, saboda haka wani titin ba ya wuce awa 20, wani kuma yakan kai wajen awa 26. Yana iya farawa da hantsi ya ƙare da tsakar dare, babu ruwansa da fitowar rana ko faɗuwarta. Wannan shi ya sa mutum ba ya iya sanin titin da yake ciki da ka, sai ya duba littafi.

Ta biyu ita ce wara, wato ranar mako. Ta uku nakshatara, wato masaukin wata: an kasa hanyar da wata yake bi a sama kashi 27, kowane kashi an ba shi sunan taurarin da ke wurin. Ta huɗu yoga, wadda ake samu ta hanyar tara matsayin rana da na wata, ita ma 27 ce. Ta biyar karana, rabin titi ke nan. Kowace gaɓa tana da masu kyau da marasa kyau a wurinsu. Alal misali, titi na 4 da na 9 da na 14 a kowane rabin wata ana kiran su "wofi", ba a son soma muhimmin aiki a cikinsu.

Wani zai yi tsammanin wannan harkar ƙauyawa ce kawai. A shekarar 1952 gwamnatin Indiya ta kafa kwamitin gyaran kalanda a ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, kwamitin ya tarar da kalandu wajen 30 ana aiki da su a ƙasar, kuma tun 1957 hukuma take buga nata fancanga na ƙasa. Kalandar Kalnirnay da aka soma bugawa a birnin Mumbai a 1973 tana rataye a miliyoyin gidaje. Kasuwar hannayen jari ta Mumbai takan buɗe na kimanin awa ɗaya a ranar bikin Diwali, domin 'yan kasuwa su yi cinikin farko na sabuwar shekararsu a lokacin da aka zaɓa. Kai, har samun 'yancin ƙasar ma bai tsira ba. Masu duba sun ce 15 ga Agusta 1947 ba rana ce mai kyau ba, sai aka yi bikin da tsakar daren 14 wayewar 15, domin a lissafin Turawa sabuwar rana ta shiga, a lissafin Hindu kuwa rana ba ta shiga sai gari ya waye. Maƙwabciyarsu Bama, wadda ake kira Miyanma yanzu, ta karɓi nata 'yancin da ƙarfe 4:20 na asuba ranar 4 ga Janairu 1948, shi ma bisa zaɓin masu duba.

Rabon Rahu

Abin da talaka ya fi dubawa kullum a cikin fancanga shi ne Rahu-kala, wato lokacin Rahu. A tatsuniyarsu, Rahu wani dodo ne da aka sare wa kai, kan yake bin rana da wata yana haɗiye su, amma da yake ba shi da gangar jiki sai su fice ta maƙogwaro. A ilmin falaki kuwa Rahu ba tauraro ba ne. Wuri ne a sama inda hanyar wata take gitta hanyar rana. Irin wannan mahaɗa guda biyu ce, Indiyawa suna ce musu Rahu da Ketu, Larabawa suna ce musu kai da wutsiya, kuma husufi ba ya faruwa sai rana da wata suna kusa da su.

Ga yadda ake fitar da lokacin. A auna daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, a kasa takwas. Kowace ranar mako Rahu yana da kashi ɗaya. Idan rana ta fito ƙarfe 6:00 ta faɗi ƙarfe 6:00, kowane kashi awa ɗaya da rabi ne. Litinin nasa ne daga 7:30 zuwa 9:00, Asabar 9:00 zuwa 10:30, Juma'a 10:30 zuwa 12:00, Laraba 12:00 zuwa 1:30, Alhamis 1:30 zuwa 3:00, Talata 3:00 zuwa 4:30, Lahadi kuwa 4:30 zuwa 6:00. Kashin farko na safiya bai taɓa faɗawa hannunsa ba. A cikin wannan lokaci ba a soma tafiya, ba a sa hannu a takardar ciniki, ba a ɗaura aure. Amma aikin da aka riga aka soma, ba laifi a ci gaba da shi. Akwai wasu kaso biyu da ake gudu, Yamaganda da Gulika, su ma da irin wannan lissafi. Mai kyau kuwa shi ne Abijit, minti 48 da ke kewaye da tsakar rana, sai kuma wani na kafin asuba da suke so domin ibada da karatu.

A lura fa, lissafin ya rataya ne a kan fitowar rana a garin da mutum yake. Ba'indiyen da ke zaune a Maiduguri ba zai ɗauki jadawalin Delhi ya yi aiki da shi ba, ko da ya cire bambancin awa huɗu da rabi da ke tsakanin agogonmu da nasu. A nan Maiduguri yini yakan kai kimanin awa 12 da minti 50 a watan Yuni, ya sauko zuwa kimanin awa 11 da minti 25 a Disamba, ke nan kashin Rahu yana kai-komo tsakanin minti 96 da minti 86. Mu ma mun san wannan matsala ta wata fuskar: mai azumi a Yerwa yakan riga na Sakkwato shan ruwa da wajen rabin awa, don haka jadawalin buɗa-baki na wani gari ba ya yi wa wani.

Namu na Gida

Mu ba mu da littafi guda da ake bugawa duk shekara a rataye a ɗaki. Abin da muke da shi a warwatse yake, wani a kundin malamai, wani a littattafan Larabci da ake kasawa a gindin masallatai da bakin kasuwa, irin su Shamsul Ma'arif da ake jingina wa Albuni da wanda ake jingina wa Abu Ma'ashar, wani kuma a bakin tsofaffi. Sunan da Bahaushe ya ba fannin shi ne hisabi, wani lokaci a ce ilmin taurari. Wanda zai yi tafiyar fatauci, ko zai kafa harsashin gida, ko zai tare a sabon ɗaki, yakan je wurin malam ya ce a duba masa rana.

Kada a ɗauka ƙananan malamai ne kaɗai suka taɓa wannan fanni. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi a kan hatimai a 1732, da wani mai suna Addurrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. A cikin malaman da ya yi karatu a wurinsu akwai Muhammadu Alwali, wanda ake yi wa laƙabi da Albarnawi Albagirmawi. Wato dai wannan yanki na Tafkin Cadi, inda almajiri yake nufi idan ya ce ya tafi gabas, yana da hannu a tarbiyyar wannan malami.

Jadawalin yini na masu hisabi shi ne sa'o'in taurari. Suna kasa yini 12, dare 12, su ba kowace sa'a ɗaya daga cikin taurari bakwai, bisa wannan jeri: Zuhal, Mushtari, Mirrihu, Shamsu, Zuhura, Uɗaridu, Ƙamar. Shamsu dai rana ce, Ƙamar wata, Zuhura kuwa ita ce Zara matar wata da muka sani. Mushtari da Zuhura su ne na sa'ada, babba da ƙarama. Zuhal da Mirrihu su ne na nahisa, babba da ƙarami. Uɗaridu ɗan bi-yarima ne, wanda ya tarar shi yake bi.

Ga wani abu da nake so mai karatu ya gwada da alƙalami. Sa'ar farko ta ranar Asabar ta Zuhal ce. Idan aka bi jerin, Zuhal zai sake dawowa a sa'a ta 8 da ta 15 da ta 22. Ta 23 ta Mushtari ce, ta 24 ta Mirrihu, sai ta 25, wadda ita ce sa'ar farko ta kashegari, ta faɗa wa Shamsu. Lahadi ke nan, ranar rana. A ci gaba a haka, sa'ar farko ta Litinin za ta faɗa wa wata, Talata Mirrihu, Laraba Uɗaridu, Alhamis Mushtari, Juma'a Zuhura. To, sunayen ranakun mako a harshen Hindi su ne Rabiwar, Somwar, Mangalwar, Budwar, Guruwar, Shukurawar da Shaniwar, kuma fassararsu ita ce ranar rana, ranar wata, ranar Mirrihu, ranar Uɗaridu, ranar Mushtari, ranar Zuhura, ranar Zuhal. Babu wadda ta kauce ko ɗaya. Su ma Guru da Shukura ne masu alheri a wurinsu, Shani da Mangal masu sharri.

Wannan dacewa tana da dalili a tarihi. Tsarin sa'o'in taurari ya bunƙasa ne a Masar ta zamanin Girkawa, daga nan ya yi gabas zuwa Indiya, har kalmar hora da Indiyawa suke kiran wannan sa'a da ita aro ce daga Girkanci. Daga baya ilmin falakin Indiya ya dawo yamma: a zamanin Halifa Mansur aka fassara littafin da Larabawa suka kira Sindhind a Bagadaza, garin da shi kansa masana taurari ne suka zaɓi lokacin aza harsashinsa a shekarar 762. Albiruni ma ya yi bayanin titi da karana a littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030. Daga Bagadaza da Masar da Magrib littattafan suka ƙetaro Sahara a kan raƙuma. Saboda haka malamin da ke unguwar Hausari da malamin Hindu da ke Banaras, duk da ba su san juna ba, wani ɓangare na lissafinsu kakansa ɗaya.

Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, sunayen ranakunmu ba su ɗauko taurarin ba. Larabci ƙirga ranakun ya yi, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, mu kuma muka aro su har da ragowar "al-" a gaba: Lahadi, Litinin, Laraba, Alhamis. Kanuri ma haka ya yi, Ladǝ, Lǝtǝlin, Larawa, Lamisǝ. Amma ba wa rana hali bai bar mu ba. Muna yi wa Laraba kirari da "ta Bawa ranar samu", muna ce wa Juma'a babbar rana, muna kiran yara Ladi da Talatu da Balarabe da Lami da Jummai da Asabe. Litinin kuwa a Barno ranar kasuwa ce tun a Kukawa, inda Barth ya ga babbar kasuwar Litinin a 1851, kuma sunan ya biyo Shehu Garbai zuwa Yerwa bayan ƙaurar 1907, ga shi har yau muna faɗar sa ko da kasuwar kullum take ci.

Kwanakin Nahisa da Larabgana

Bayan sa'o'in yini, akwai kwanakin wata. Masu hisabi suna ƙirga kwana bakwai a kowane watan Musulunci a matsayin nahisa: 3, 5, 13, 16, 21, 24 da 25. Akwai wani baitin Larabci da ake haddacewa domin tuna su, inda kowane harafi yake wakiltar kwana guda, harafi mai ɗigo nahisa, maras ɗigo lafiya lau. Wannan ƙidaya ba tamu ba ce mu kaɗai, ana samun ta a ƙasashen Musulmi da yawa. Kalmar nahisa kanta daga Larabci take, kuma saiwarta ta zo a Alƙur'ani, cikin Suratul Ƙamar da Suratu Fussilat, wajen labarin iskar da ta halaka Adawa.

Wadda ta fi kowace suna ita ce Larabar ƙarshen watan Safar, wadda Hausawa suke kira Larabgana. Ana cewa bala'i 320,000 ne suke sauka a ranar, adadin da ya yaɗu ta littattafan mujarrabai. Wasu ba sa tafiya, wasu ba sa aski ko wanki, wasu a yi rubutu a sha. Musulmin Indiya da na Indunusiya su ma suna da nasu sunan da nasu al'adun game da wannan Laraba. Ni abin da ya ja hankalina shi ne ƙirar kalmar. "Larab-" dai a fili take. Amma "gana" ba ta da wata ma'ana a Hausa da ta dace da wurin, alhali duk wanda ya zauna a Maiduguri ya san gana a Kanuri "ƙarami" ce, ita ce a cikin sunaye irin su Babagana da Yagana. Tsarin ma na Kanuri ne, suna a gaba, sifa a baya, babu mahaɗi. Da ƙirar Hausa ce da mun ji "ƙaramar Laraba". Ina ganin kalmar ta shiga Hausa ne ta bakin almajiran da suka yi karatu a tsangayun Barno, kamar yadda wasu kalmomin karatu da sarauta suka bi wannan hanya.

Idan aka jera jadawalin biyu, sai a ga inda suka yi hannun riga. Kwana 3 ga wata nahisa ne a wurin masu hisabi. A Indiya kuwa titi na 3 na farkon watan Waishaka, wanda suke kira Akshaya Tirtiya, yana cikin ranakun da suka fi kowace albarka, ranar da masu sayar da gwal suke cika aljihu. Haka kuma a ɗauki ranar Alhamis a nan Maiduguri. Sa'a ta 8, daga wajen ƙarfe 1:00 zuwa 2:00, ta Mushtari ce, babbar sa'ada. Amma daga 1:30 Rahu ya riga ya karɓi aiki. Ɗan kasuwar da zai ɗora kaya zuwa Gamborun Ngala da ƙarfe 1:45, wanne zai bi? Sama ɗaya ce, rana ɗaya, hukunci biyu. A nan ne nake ganin ya kamata a raba lissafi da hukunci. Cewa wata ya yi wa rana nisan digiri 36 abu ne da kowa zai auna ya samu daidai, ko a Yerwa ko a Kalkata. Cewa wannan tazara tana kawo riba ko hasara kuwa, al'ada ce ta faɗa, kuma kowace al'ada da nata.

Matsayin Malamai

Malaman Musulunci sun daɗe da yin wannan rabo. Sun kira sanin tafiyar rana da wata da taurari domin gane alƙibla da lokutan salla da yanayin shekara ilmin tasyiri, suka halatta shi. Sun kira jingina wa taurari tasiri a kan rabon mutum ilmin ta'asiri, suka hana. Hadisai ingantattu sun kore camfi da tsuntsaye da kuma camfa watan Safar, kuma Nana A'isha ta kafa hujja da aurenta a watan Shawwal a kan masu gudun aure a watan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi suka mai zafi ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari, ɗansa Muhammadu Bello kuma ya keɓe wa batun littafi guda. Abin da aka ba Musulmi a madadin haka shi ne istihara da shawara. An kuma ruwaito falalar sammako, da cewa Annabi (SAW) yana son fita tafiya ranar Alhamis, amma wannan bin sunna ne, babu Mushtari a ciki.

Maganar ba ta tsaya a littafi ba. Ana ɗaga ranar aure bayan an kashe kuɗin kati da dinki saboda wani ya ce ranar ba ta yi ba. Ana kiran mace mai farar ƙafa saboda abin da ya sami mijinta bayan tarewa, kamar yadda a Indiya yarinyar da aka ce Mangal ya zauna mata a mugun gida takan sha wuyar samun miji. Mu a wannan gari mun ga abin da ya fi haka. A daren 9 ga Janairu 2001 aka yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka ce zunubin mutane ne ya jawo, suka far wa otal-otal da gidajen giya da ƙone-ƙone. Alhali husufin nan an san ranarsa da mintinsa shekaru da dama kafin ya faru, domin wata ne ya iso ɗaya daga cikin mahaɗun nan biyu yana cikakke, inuwar duniya ta rufe shi. Abin da sunna ta koyar a irin wannan dare salla ce da addu'a da sadaka. Bahaushe dai cewa yake rana ta kama wata, yara su fita da gwangwani suna roƙon ta saki, Ba'indiye kuma ya ce Rahu ya haɗiye.

Taurarin Noma

Akwai wani ɓangare na hisabi da nake jin tsoron kada a zubar da shi tare da camfi, wato manzilolin wata. Indiyawa suna ƙirga 27, Larabawa 28, kuma da yawansu taurari ɗaya ake nufi. Kirtika tasu ita ce Surayya, ita ce Kaza da 'Ya'yanta. Rohini tasu ita ce Dabaran. Malamanmu sun mayar da waɗannan manziloli kalandar shekarar rana: kowane tauraro kwana 13, ban da Jabaha mai kwana 14. A lissafa, 28 sau 13 ya ba da 364, a ƙara kwanan Jabaha ya zama 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan.

Amfanin wannan a fili yake. Watannin Musulunci suna ja baya da kwana 11 duk shekara, don haka manomi ba zai ce "a Rajab nake shuka" ba. Yana bukatar ƙidayar da ke tafiya da ruwan sama, musamman a irin ƙasarmu da damina take gajeruwa, ruwa ya taru a Yuli da Agusta, wanda ya makara da shuka ya yi kuka da kaka. Manoman Sudan har yau suna kiran sassan daminarsu da waɗannan sunaye, da ɗan bambancin furuci. Malaman ƙasar Hausa sun tsara sunayen a waƙe domin sauƙin hadda, kuma Mervyn Hiskett ya yi magana a kan irin waɗannan waƙoƙin taurari a littafinsa na tarihin rubutattun waƙoƙin Hausa na 1975.

A nan akwai aikin kundin digiri ga mai neman take. Jami'armu, wadda aka kafa a 1975, tana zaune ne a garin da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa da Fulatanci suke cuɗanya a kasuwa ɗaya. Ɗalibi zai iya ɗaukar rikoda ya zauna da tsofaffin manoma da makiyaya da malaman tsangaya na kowane harshe, ya sa su jero taurarin damina, ya rubuta yadda kowa yake furta su. Daga Hausa kaɗai ana iya ganin abin da za a samu. Larabci ya ce haƙ'a da han'a da jabha, Bahaushe ya saƙa wasali a tsakanin baƙaƙen ya ce Haƙa'a da Hana'a da Jabaha. Larabci ya ce nathra, wadda ba ta da dangantaka da cin nasara ko kaɗan, amma da "th" ta koma "s" aka kuma saƙa wasali, sai ta fito Nasara, har mai ji ya ɗauka tauraron cin gaba ne. Wanda zai yi wannan aiki ya fara da masu shekaru 70 zuwa sama, ya kuma je musu da rani, lokacin da ba su gona.